Neman Gafara da Hannu a Ƙasar Gwaram

Mun tashi ana fitowa daga sallar asuba, masu shayi suna hura wuta a bakin titi, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a motar: ni, da jikata 'yar babban ɗana, da direban da yake kai ni unguwa tun da idona ya daina yarda da titi. Waɗanda suka saba karanta labaran tafiye-tafiyena sun san ni da dogon zango. Wannan karon daga Kano zuwa ƙasar Gwaram ne kawai, tafiyar da matashi zai yi ya dawo ya yi sallar magariba a gida. Duk da haka ban taɓa haɗa jaka gabana yana faɗuwa irin na wannan rana ba.

Gara in faɗi dalili tun ba mu yi nisa ba. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a wani ƙauye a yankin Dingaya. Kurma ce. Sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara uku, ta tashi ba ta ji, 'yar maganar da ta fara ma ta zube. Da aka sa ni firamare a Gwaram sai ta ɗauki al'adar bina. Takan tsaya a bakin taga, ta ɗora haɓa a kan hannu, tana kallon malam yana rubutu a allo. Wani lokaci murna ta kama ta, ta yi irin ƙarar nan tasu, aji ya fashe da dariya. Rannan dariyar ta yi yawa, na fita na ɗauki hoge na jefe ta. Ya same ta a gira. Ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni, jini yana bin kuncinta, ta juya ta tafi. Ba ta sake zuwa bakin tagar ba.

Shekara sittin da 'yan kai ke nan. Na yi Chadi, na yi Sudan, na yi Saudiyya, na yi Ikko da Kwatano. Na ci abinci shekara da shekaru da aikin tafinta tsakanin fatake da alhazai, da Larabci, da Faransanci, da Turanci, da Yarabanci, da Fulatanci gwargwadon hali. Amma ban taɓa ce wa ƙanwata ta yafe mini ba, don ban san yadda ake ce mata ba. Idan na je sai in ɗaga mata hannu, in miƙa mata turmin atamfa da sabulu, in koma zaure wurin maza. A watan jiya ɗanta ya bugo waya ya ce ƙafafunta sun kumbura, ko rijiya ba ta iya zuwa. Ni ma likita ya fara yi mini magana a hankali, irin wadda ake yi wa tsofaffi. Haƙƙin mutum kuwa ba ya faɗuwa da istigfari, sai mai shi ya yafe.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa jikar nan tawa ce. Tana aji uku a jami'a, tana karanta ilimi na musamman, ɓangaren 'yan firamare, wato yadda ake koyar da yaran da ba sa ji, da makafi, da waɗanda fahimtarsu take tafiya a hankali. Ba shi ta nema ba. Harhaɗa magunguna ta so, aka ba ta wannan, ta yi mako guda tana kuka. Yanzu kuwa ko abinci muke ci sai ka ga yatsunta suna motsi su kaɗai. Ta iya rubutun makafi, mai ɗigo-ɗigon nan da ake shafawa da yatsa, ta kuma iya maganar hannu. 'Yan uwa suna tsokanarta da "malamar bebaye", ita kuma ta ce su ci gaba, ranar da suka tsufa kunne ya toshe za su neme ta. Rannan na gan ta tana hira ta waya da wata ƙawarta kurma, suna ganin juna, hannu yana ta tashi, dariya har da hawaye, ba wadda ta ce uffan. Nan na ce a raina, ga tafinta Allah ya kawo mini har gida.

Gaskiya ta gargaɗe ni. Ta ce abin da ake koya musu na makaranta ne, asalinsa ma daga ƙasar waje aka kawo shi, Inna kuwa, haka kowa yake kiran ƙanwar tawa yanzu, ba ta taɓa shiga aji ba. Na ce mata na shiga tsakanin Balaraben Sudan da na Makka sun fahimci juna, bare hannu, da kowa yatsa biyar ne da shi. Ta ce, "To, angona, tunda kai ne sarkin tafintoci, Allah ya kai mu." Ban gaya mata abin da nake so a faɗa ba. Na ce gaisuwa ce da dubiya.

A Wudil muka fara tsayawa. Kogi a cike yake taf, masu kwale-kwale suna jidar yashi, masu talla suka yanyame motar da soyayyen kifi da gurasa. Na ɗauki kifi uku, na miƙa abin da a shekarar da na bar gida zai sayi jaki har da mangalarsa, aka ce in ciko. Direba ya ce in daina irin wannan tunani, hawan jini yake kawowa. Daga Kwanar Huguma ƙasa ta buɗe. Ƙarshen damina ne, gero an fara yankansa, dawa ta fitar da kai, riɗi kuwa an yanke an jingina shi dami-dami a tsaye yana shan rana. Rabona da ganin riɗi mai yawa haka tun Gadarif ta ƙasar Sudan. Sai dai can gona ɗaya sai ka gaji da tafiya a mota ba ka ga ƙarshenta ba, ba ka kuma ga mai ita ba. Nan kowane ɗan fegi da mai shi a tsaye a ciki, da iyalinsa, da tulun ruwa a gindin bishiya. Na fi son namu.

Duwatsu ne suka fara yi mana maraba a Birnin Kudu, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora su. Mutanen Damagaram suna alfahari da nasu, to waɗannan ba su da abin jin kunya a gabansu. Muka karya da waina da miyar taushe a wurin wata dattijuwa kusa da tasha. Ta ji Hausata ta ce Alhaji daga Kano ne. Na ce daga Gwaram. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce lallai an daɗe ba a sha ruwan gida ba.

Jikata ta roƙi mu ratse wajen Wurno, don akwai wata firamare da take tunanin neman a tura ta koyarwar gwaji, wadda ɗalibai suke yi na 'yan watanni kafin a ba su shaidar malanta. Wani da ya riga ta gama irin karatunta yana koyarwa a can. Muka same shi, dogo, siriri, alli har a gira. Aikin da aka ɗauke shi ya yi koyar da aji huɗu ne, kamar kowane malami. Shi ne da kansa ya bi gida-gida ya tattaro yara tara: shida kurame, biyu masu jinkirin fahimta, da wata yarinya da sai ta manna littafi a hanci take gani. Hedimasta ya ba shi tsohon ɗakin ajiya, yake raba safiyarsa biyu.

Ban taɓa ganin aji irin wannan ba. Bencinan ba a jere suke ba, an lanƙwasa su kamar rabin faifai don kowa ya ga hannun kowa. Idan yana so su dube shi sai ya bubbuga benci, su ji a jikinsu. Ba ya iya rubutu a allo yana bayani, don da ya juya baya magana ta yanke. Su kuma da ya juya sai gulma ta kaure a tsakaninsu, shiru kake ji amma ɗakin cike yake da surutu. Ya gaya mana wahalar aikin ba a aji take ba, a zaure take, inda uba zai ce me kurma zai yi da boko, ga awaki ba mai kiwo. Ya ce cikin waɗanda suka gama tare wasu suna makarantun kurame da na makafi a birane, ɗaya yana fassara labarai da hannu a talabijin, ɗaya yana asibiti, da yawa kuma suna sayar da katin waya suna jiran aiki. Jikata ta tambaye shi ko ya yi nadama. Ya nuna wani yaro da yake rubuta sunansa a allo, ya ce bara war haka yaron nan bai san yana da suna ba.

A Kartum na yi shekara biyu ina wucewa ta ƙofar wata makarantar kurame kullum, a Ibadan ma na ga wata, ban taɓa leƙawa ba. Ranar nan a Wurno kuwa na zauna a ƙarshen benci, gwiwoyina suna neman taɓa haɓata. Na kasa kallon allo. Taga nake ta kallo, ba kowa a bakinta sai wata akuya tana cin takarda. Jikata ta taɓa ni ta ce mu tafi, rana tana yi.

Mun ratsa Sara ranar ba kasuwa, rumfuna wayam, sai 'yan awo suna gyangyaɗi a kan buhuna. Gwaram ta canza mini. Inda na san kuka da fili yanzu shagunan cajin waya ne da masu gyaran babur. Da muka zo daidai tsohuwar makarantarmu direba ya rage gudu, yana zaton zan so in gani, na ce ya taka. Daga nan muka sauka daga kwalta muka kama burji, ruwa kwance nan da can. Sau biyu motar tana kafewa, wasu manoma suna turawa, ni ina ba da shawara.

Mun isa ana kiran azahar. Ɗanta, manomi mai 'ya'ya shida, ya tarye mu da "Kawu, sannu da hanya", ya shiga da mu ciki. Tana zaune a tabarma a inuwar rumfa, ƙafafu a miƙe kamar an hura su, tana ɓarar gyaɗa. Tabon yana nan a girarta, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Da ta gan ni ta saki gyaɗar, ta kama kunnenta na dama ta ja sau biyu tana dariya. Ɗanta ya ce sunana ke nan. Na sani. Tun muna yara ta raɗa mini shi saboda kunnuwana, waɗanda har yau hula ba ta iya da su. Ta kama gemuna tana nuna wa mutane furfura, kamar ita ba ta da ita.

Aka kawo tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, man shanu yana yawo a kai. Bayan mun ci na ce wa jikata bismilla, ta fara da gaisuwa. Ta gyara zama ta fara, hannu yana tafiya sumul, abin sha'awa. Inna ta zuba mata ido har ta gama. Sai ta juya wajen matar ɗanta ta yi wasu alamu da sauri, matar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ƙyar aka samu ta faɗa: wai Inna tana tambaya ko cinnaka ce ta shiga rigar yarinyar nan. Inna ta mayar da nata jawabin, dogo, jikata ba ta tsinci komai a ciki ba sai "ci" da "barci". Ashe ba Larabcin Sudan da na Makka ba ne, Hausa ce da Sinanci. Jikata ta dube ni ba ta ce "na gaya maka" ba. Da ma ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na tambayi ɗanta ko shi zai iya. Ya ce shi iyakarsa abinci, gona, ruwa da lafiya. Doguwar hira sai matarsa, shekara ashirin suna tsakar gida ɗaya, har faɗa suke yi da hannu su shirya. To a nan gizo yake saƙa. Matar nan surukata ce. Tun da muka iso a durƙushe take gaishe ni, kanta a ƙasa, ba ta yarda idonmu ya haɗu ba, ba ta wuce ta gabana da takalmi ba. Maganar hannu kuwa ba a yinta da sunkuyar da kai. Da gira ake yi, da kumatu, ido cikin ido. Ita ba za ta iya yi a gabana ba, ni ma abin da na ɓoye shekara sittin ba zan iya zazzage shi a kunnen suruka ba. Na koma zaure na ce wa direba ya duba mai da taya, gobe da safe za mu juya.

Bayan la'asar jikata ta same ni a zaure ni kaɗai, ba alamar tsokana a fuskarta. Ta ce ta ga yadda nake kallon girar Inna, in gaya mata abin da ya kawo mu. Na gaya mata. Ita ce ta farko da ta ji wannan magana daga bakina. Kakarta ma, Allah ya ji ƙanta, ta rasu ba ta sani ba. Sai ta ce in ba ta kwana uku.

"Abin da aka fara koya mana," in ji ta, "kada ka fara da abin da kai ka sani, ka fara da abin da yaro ya zo da shi. Inna tana da harshenta cikakke, mu ne ba mu iya ba. Zan koya a wurinta in koya maka. Amma Alhaji, kai za ka faɗa da hannunka. Ba ni na yi jifan ba."

Na sallami direba ya koma Birnin Kudu wurin 'yan uwansa, ya dawo mana rana ta huɗu.

Haka aka buɗe makaranta a gidan. Da sassafe jikata ta shiga cikin mata da littafi da biro. Ta nuna abu, Inna ta yi alamarsa, ta zana hannun a takarda, ta kuma ɗauka a waya. Abin da ba a iya nunawa da yatsa, irin "kunya" ko "baƙin ciki", surukar ce take bayani, tunda ba na wurin bakinta a sake yake. Ina jiyo dariyarsu daga zaure. Inna, wadda ba a taɓa tambayarta komai ba sai ina tsintsiya, ta zama malama, kuma mai zafi, idan aka karkace yatsa sai ta make hannun. Jikata ta ce malamansu na jami'a ma ba su kai ta tsanani ba.

Da hantsi da bayan la'asar kuma a zo kaina. Sai da jikata ta fara auna ni, kamar yadda ta ce ana yi wa kowane sabon yaro. Ta sa na dunƙule, na buɗe, na kwaikwayi abin da ta yi. Sakamakon bai yi daɗi ba: yatsu sun sandare, ga gaggawa, ga fuska kamar ƙyauren gidan marowaci. Saboda haka ta yayyanka mini karatun ƙanana-ƙanana, alama uku a zama ɗaya, ba a ƙara sai sun zauna. Idan na yi daidai ta tafa mini kamar ɗan aji ɗaya, in ji haushi, in kuma ji daɗi. Ni da na kwashi Faransanci a bakin direbobin Chadi cikin wata huɗu, sai ga ni na kashe safiya guda a kan "da can", wato ka jefa hannu bayan kafaɗa kana kumbura kumatu gwargwadon nisan zamanin. Makaranta, ka yi rubutu da yatsa a tafin hannu. Roƙo, ka ɗora bayan hannun dama a tafin hagu ka bubbuga, kamar yadda kowane Bahaushe yake yi. Yafewa, ka shafi ƙirji, ka buɗe tafin, ka hure shi.

A rana ta biyu wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Jikata ta ce za ta nuna mini alamar mahaifiyarmu. Kafin ta ɗaga hannu nawa ya riga ya tafi da kansa, ya ja layi uku a kunci, tsagen fuskar tsohuwa. Ba wanda ya koya mini. Ashe da can na iya. Muna ƙanana ni nake gaya mata an ce ta zo, an ce ta ci, ni ne kunnenta a gidan. Na je duniya na tara harsunan mutane, na yar da wanda ba mai jinsa sai mu biyu. Na ce wa jikata a tashi haka, na ɗauki sandata na fita bayan gari.

Ƙauyen yana da kyau a wannan lokaci. Fulani suna shigowa da nono mai kauri wanda bai san ruwa ba, irin wanda a Kano sai dai ka ji labarinsa. Rijiyar burtsatse tana aiki da hasken rana. Samari kaɗan ne, yawancinsu suna Kano suna tuƙa adaidaita, sai girbi ya matso su dawo. A gindin wata tsamiya na samu tsofaffi sun kewaye rediyo, suka matsa mini. Ɗaya ya san mahaifinmu. Ya ce, "Kai ne wanda ya tafi?" Na ce ni ne.

Rana ta uku da hantsi, maza sun tafi gona, yara sun watse, na shiga ciki. Jikata ta kifa turmi can gefe ta zauna. Na zauna a tabarmar Inna, gaba da gaba, abin da rabona da yi tun gemu bai fito mini ba. Na ɗaga hannu. Na jefa shi bayan kafaɗa, na kumbura kumatu iya ƙarfina. Na yi rubutu a tafin hannu. Na nuna ta, na ɗora haɓa a hannu kamar mai leƙen taga. Na ja kunnena, na yi kamar na ɗauki hoge, na jefa. Na taɓa girata. Sannan na ɗora hannu a hannu na bubbuga, na yi ta bubbugawa, don ban san wata kalma bayan wannan ba.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta fashe da dariya har da dafe ciki. Ta fara magana da sauri, hannu biyu, ban tsinci komai ba sai "makaranta". Jikata ma ta ɗaga kafaɗa. Dole aka kira surukar, ta zo ta yi turus da ta gan ni. Jikata ce ta samo dabara. Ta zaunar da ita a bayana, yadda za ta ga Inna ni kuma ba zan gan ta ba, kuma ba da ni za ta yi magana ba, da jikata za ta yi. Haka tsohon tafinta ya koma ƙarshen layi.

"Ki gaya wa Baba," in ji muryar daga bayana, ƙasa-ƙasa, "ta ce tana sane. Ta ce ai ta rama tun a makon. Littafinsa da ya ɓata aka yi masa bulala a makaranta, ita ta jefa shi a rijiya."

Na tuna littafin, na tuna bulalar, shida ce. Na yi dariya har da share ido, na ji kamar an sauke mini dami. Na fara tattara riga zan tashi. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta kama gefen rigata ta zaunar da ni.

Abin da ta faɗa daga nan a hankali ta faɗe shi, har ni ma ina tsintar rabi kafin a fassara. Ranar da na bar gida, ina ɗan shekara goma sha tara, na yi sallama da mahaifinmu, da mahaifiyarmu, da maƙwabta, har da mai shayin tasha. Ita an aike ta kai abinci gona. Ta dawo ta ga an naɗe tabarmata. Ta je gaban mahaifiyarmu tana jan kunne, tana tambaya, tsohuwa kuka kawai take yi. Ta je gaban mahaifinmu, ya kau da kai. Wanda yake yi mata bayani a gidan shi ne ya tafi. Ta leƙa maƙabarta, ba sabon kabari. Daga nan duk ranar kasuwa sai ta je bakin hanya ta tsaya tana duba masu saukowa daga manyan motoci, har aka yi mata aure aka kawo ta wannan ƙauye. Takarda takan zo, a taru a zaure, ta ga bakuna suna motsi ana murmushi, ba wanda ya ce mata daga wurina ne. Shekara goma sha ɗaya ba ta san ko ina raye ba.

Muryar da ke bayana ta ci gaba. "Ki gaya wa Baba, ta ce da ya dawo ta yi murna, ya ba ta atamfa. Ta wayi gari ta fito ta ga ba ya nan. Ta ce duk zuwan da ya yi haka ne. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mata zai tafi ba."

Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Shekara sittin ina dakon hoge ɗaya, ashe babban kayan yana can a ajiye ban ma san nawa ba ne. Na sake ɗora hannu a hannu. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Na jira ta shafi ƙirji ta hure. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni yaushe zan tafi, na nuna gobe. Yaushe zan dawo? Ni kuwa ban zo da niyyar dawowa ba. Ta zana jinjirin wata a sama da yatsa, ta zuba mini ido. Na ɗaga yatsa biyu.

"Ta ce to, idan ya dawo za ta yafe. Ta ce idan ta yafe yau ba zai dawo ba, ta san halinsa."

Da ɗanta ya dawo daga gona ya ji, ransa bai so ba. Ya je ya yi mata ɗan abin da ya iya, yana nuna sama, yana nuna ƙafafunta, yana nuna furfurata, wato rai ba a hannunmu yake ba. Ta kore shi da hannu kamar kaza. Na ce ya ƙyale ta. Haƙƙinta ne, ita ta san lokacin da za ta sake shi.

Washegari direba ya iso da hantsi. Aka cika bayan mota da gyaɗa, da riɗi, da kuka, da wani zakara da ya yi ta gardama har Kano. Na yi sallama da maza a zaure, sannan na cire takalmi na koma ciki. Na durƙusa a gabanta. Na ja kunnena, na nuna wajen Kano, na zana wata, na ɗaga yatsa biyu, na jawo hannu na dafa tabarmarta. Ta make ni, ta gyara yadda na zana watan, ta sa na sake. Sannan ta sa aka ɗaga ta, ta dafa jikata da surukarta, ta taka har ƙofar zaure, abin da aka ce ta yi makonni ba ta yi ba. Muna tafiya ina waiwaye ta gilashin baya. Ba ta ɗaga hannu ba. Tsaye kawai take tana kallo, wannan karon ta san inda motar za ta.

A hanya jikata ta yi ta buɗe littafinta tana rufewa. Bayan mun wuce Birnin Kudu ta ce ta yanke shawara, Wurno za ta nemi a tura ta, kuma duk yaron da aka kawo mata sai ta fara koyon hannun gidansu kafin ta koya masa na makaranta. Ta ƙara da cewa daga can zuwa wurin Inna ba wani nisa ba ne. Na ce Allah ya yi albarka. Mun shiga Kano ana la'asar, cunkoso da hayaƙi da ƙarar hon, kowa yana ihu ba mai sauraron wani.

Idan kun tambaye ni abin da wannan tafiya ta koya mini, ga shi. Da ina ganin karatun jikata ƙaramin karatu ne, na masu tausayi. Yanzu na san a kusan kowane gari da muka ratsa akwai wani yaro ko yarinya da abubuwa suke faruwa a gidansu ba a gaya musu, ba don mugunta ba, don ba wanda ya iya. Mutum ya mutu, mutum ya tafi, sai dai su ga an naɗe tabarma. Da a zamaninmu akwai malami ɗaya da zai fito ya kamo hannun yarinyar da ke bakin taga, da yanzu wasiƙa muke yi wa juna.

Kullum bayan sallar asuba ina zama in maimaita karatuna, alama uku-uku. Jikata tana duba ni ta waya daga makaranta, ta ce yatsun sun fara laushi, fuskar ce har yanzu da saura. Ɗan Inna ya bugo shekaranjiya. Ya ce ƙafa ɗaya ta sauka, ɗaya ta ƙi, kuma ta sa ana fito da ita tsakar gida kowace magariba, ta zauna tana duban yamma. Jiya wata ya tsaya. Na gan shi daga ƙofar gidana, siriri kamar zare, na san ita ma ta gani. Saura ɗaya. Allah ya sa mu kai, ni da ita.